GARGAƊI: Mai tallan akwatunan tafiya ta cinye min Naira dubu 185

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don girman Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa na kusa da shi, musamman mata, tunda yanzu makarantu sun yi hutu kowa na haɗa kayan tafiya da yara. Akwai wata mata da ke tallan akwatunan tafiya saiti-saiti, da kuloli, da jakunkunan goyo na yara a Instagram da WhatsApp, tana cewa daga Legas take turo kayan. 'Yar damfara ce, kuma ba ita kaɗai ba ce, gungu ne. Ta cinye min Naira dubu 185. Dubu 185, kuɗin adashen da nake zubi tun bayan babbar sallah, na ɗauka na miƙa wa wadda ko ɗan makullin akwati ba ta turo min ba. Allah ya isa, ban yafe ba.

Hannuna rawa yake yi ina wannan rubutun, in kun ga na yi gaba na dawo baya ku yi haƙuri.

Yankari za mu tafi da yara. Tun bara Abbansu ya yi musu alƙawari, muka tsayar da wannan hutun saboda a lokacin rani ne ciyawa ke bushewa, namun daji su riƙa sauka kogin Gaji shan ruwa, a samu damar ganinsu. Yaran ba su da zance sai na giwa da wankan Wikki, tunda aka gaya musu ruwansa ɗumi ne rani da damina, ma'aunin zafinsa 31, ko ana tsakiyar hunturu. Daga Kano mu bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, mu shiga Bauchi, mu karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, tafiya ce ta gaske da yara huɗu a mota. Ƙanwar maigidana da ta taɓa zuwa ta ja min kunne a kan birai, ta ce a masaukin ma yawo suke yi a tsakanin ɗakuna, in suka ga leda ko jaka mai taushi sai sun yage ta suna neman abinci. Ta ce in nemi akwati mai tauri mai makulli, da kula mai murfi mai kamawa. Ni kuwa akwatunan lefena ne kaɗai a gidan, biyu tayoyinsu sun karye, babban zif ɗinsa ya tashi aiki. To ina zan zuba rigunan sanyi, da barguna, da tawul-tawul, da gidan sauro, da dambun nama da cincin ɗin da na soya? Ba don ƙarya ko gasa na nemi sabbi ba. Buƙata ce.

Masu ce min ai da kin je kasuwa, na je. Da ƙafata na shiga Sabon Gari na zagaya layin masu akwatuna na tambayi kuɗi, na leƙa Wambai na duba kuloli. Na san farashi sarai. Nata bai yi arhar da za a ce ya kamata mutum ya tsargu ba, ɗan sauƙi ne kawai, irin wanda ake samu in kaya daga hannun mai shigowa da su suka fito. Saitin akwati mai guda 5, kula babba ɗaya, jakunkunan goyo 4, ta ce min dubu 155. Da dubu 50 ta ce, wallahi da ko amsa ba zan ba ta ba. Ni ba yarinya ba ce, kuma ba yau na fara sayayya ta intanet ba.

Kuma ba haka kawai na tsince ta a titi ba. A zauren WhatsApp na iyayen yara aka turo tallanta. Na shiga shafinta, mabiya birjik, hotunan masu godiya, wannan na cewa kaya sun iso Kaduna, waccan na cewa sun iso Gombe. Duk da haka ban tura ko kwabo ba sai da na ce mu yi kiran bidiyo in ga kayan da idona. Na ce ta rubuta sunana a takarda ta ɗora a kan akwatin. Ta rubuta, ta ɗora, na gani. Ta kwantar da babban, ruwan toka ne mai ratsi-ratsi, ta zuge zif ɗin, ta fito da na cikinsa, ta sake buɗe wannan ta fito da na ciki, har zuwa ɗan ƙaramin. Ta juya lambobin makullin na ji ƙararsu. Ta gangara shi a kan tayil tana cewa, "Anti, dubi tayar nan, huɗu ce, ko yaro zai ja."

Muna cikin haka sai aka kira sallar la'asar ta can wajenta. Ta ce, "Anti, don Allah bari in yi sallah kada lokaci ya wuce, in na idar zan kira ki." Wannan maganar ce ta gama da ni. Wannan maganar. Na ajiye waya na ce wa kaina ga mai tsoron Allah. Bayan ta idar, ko in ce bayan ta ce ta idar, ta kira kamar yadda ta yi alƙawari, ta ce, "Wallahi Anti amana ce, kuɗinki na hannun 'yar uwarki." Da Hausa tsantsa, ba gargada. Har yanzu in na kwanta muryar nan nake ji, bari in yi sallah kada lokaci ya wuce. Ku faɗa min wace ce a cikinku za ta ji wannan ta ce ƙarya ne? Mutum ya sa sallah a tsakiyar ciniki, ya rantse da Allah, ya nuna maka sunanka a kan kaya, me ya rage kuma da za a bincika?

A daren na tura dubu 95 kafin alƙalami. Sunan da ya fito a asusun shi ne sunan da ke shafinta, na duba da kyau kafin in danna. Sai dubu 18 kuɗin mota. A'a, kafin kuɗin motar sai da na cika mata dubu 60, saboda ta turo min hoton kayan an ɗaure su a buhu an rubuta KANO da manyan baƙaƙe, ta ce yaron shago ba zai fita da su ba sai an kammala biya. A nan ne ta ba ni wani asusun daban mai sunan namiji, ta ce na ƙaninta ne, nata ya kai iyakar abin da zai iya karɓa. Kuma wannan abu ne da ke faruwa, duk mai ƙaramin asusu ya san akwai iyaka, ni kaina mai kitsona ta sha ce min haka. Dubu 95, dubu 60, sannan dubu 18 na mota. Ta ce a babbar motar dare za a sa, in je New Road a Sabon Gari in karɓa, ta haɗa ni da lambar direba.

Direban ma na yi magana da shi. Namiji ne, ana jin ƙarar inji a bayansa. Shi ne ya kira ni da sassafe, ina haɗa wa yara kari, ya ce, "Hajiya, mota ta lalace mana a Lokoja, za mu juye kaya a wata, kowane mai kaya zai ƙara dubu 12, in ba haka ba kayanki za su kwana a titi." Na kira ta, ta ɗauka, ta yi ta ba ni haƙuri har da salati, ta ce in tura za ta cire min a ciniki na gaba. Wanda ya riga ya zuba dubu 173, a kan dubu 12 zai bar kayansa a titi? Na tura. Shi ya cika dubu 185.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da na tura na farko ta roƙe ni in sa ta a sitatus ɗina don a san ta, na sa. Wannan ya fi komai ci min rai. Maƙwabciyata ta gani ta karɓi lambar, Allah ya taimake ta albashin mijinta bai shigo ba, da yanzu da wane ido zan kalle ta?

Na ɗauki adaidaita na je tasha. Na tsaya a rana ina kiran direba, waya a kashe. Na kira ta, tana shiga ba a ɗauka. Na nuna wa 'yan kamasho hoton buhun da lambar motar da aka ba ni, suka duba littafinsu, babu wannan motar, babu wannan direban. Wani dattijo a cikinsu ya dubi hoton ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ke kaɗai kika zo mana da hoton buhun nan ba." Buhu ɗaya take tura wa kowa. Kafin in iso gida hotonta ya ɓace a WhatsApp, ta rufe ni, shafin Instagram ɗin kuma an sauya masa suna, yanzu kayan kicin yake talla, mabiyan na nan yadda suke. Ashe shagon da ta nuna min a bidiyo ma ba nata ba ne, wata da ita ma aka cuta ta gaya min shiga take yi kamar mai saye, ta ce za ta nuna wa yayarta kaya ta waya, masu shago su ƙyale ta.

Na je banki, sun karɓi ƙorafina, sun ce in kawo takardar 'yan sanda, na kai rahoto na kawo. Akwai lauya a danginmu, shi yake rubuta min takardar ƙorafi zuwa ofishin EFCC na Kano. Ya ce dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai irin wannan laifin. Kuma asusun banki ba ya buɗuwa sai da BVN ko NIN, don haka waɗannan sunaye biyu akwai mutane a bayansu. Ba zan bari ba ko da abin da zan kashe ya wuce dubu 185 ɗin.

Yanzu ga kaya nan jibge a kan gado, na ninke rigunan sanyin kowa daban, na ɗaura wa kowane tari sunan mai shi, babu abin zubawa. Autana kullum sai ya tambaye ni, "Umma, jakata mai shuɗi ta zo?" don a bidiyon shi ya zaɓa da kansa. Abbansu bai ce min komai ba sai "Allah ya mayar da alheri", ya fita ya sayo gana-mas-go, kula kuma aro za mu yi. Tafiya ba fashi in sha Allahu, amma ni na san abin da ke cina.

Kada ku tura kuɗin kayan da ba ku taɓa da hannunku ba. In daga wani gari ne, ku sa ɗan uwa ya je shagon ya gani ya biya a can. In aka sauya muku asusu a tsakiyar ciniki, ku tsaya.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da shaidar tura kuɗi guda 4, da saƙonnin muryarta, har wanda ta rantse a ciki, da hoton buhun. Lauya ya ce in dakata da saka sunaye da lambobin asusun har a shigar da takarda, da zarar an shigar zan saka su duka kowa ya gani. Duk wadda aka tura wa hoton buhu mai KANO a jiki, ko direba ya kira ta daga Lokoja, ta yi min magana ta akwatin saƙo yau ɗin nan, mu haɗa ƙorafinmu wuri guda kafin lauya ya kai takardar.