Garejin da ya hana ni sauke giyabos a banza

Motata tsohuwa ce, ƙirar 2001, otomatik mai giya huɗu, kuma shekara shida tana hannuna giyarta ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai bana. Da safe lafiya lau take tashi. Amma in na yi tafiyar minti ashirin inji ya ɗau zafi, na tsaya a danja, da zan tashi sai ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela. Ina taka totur inji na kuka, mota na jan ciki, ga fitilar inji ta kama a dashbod. In na faka na kashe na sake kunnawa, wani lokaci ta saki, wani lokaci ta ƙi.

Bakaniken farko ya canza man giya, bai yi komai ba. Na biyu ya jona na'ura, ya ga lambar matsala P0753, ya ce solonoyid ne, wato ƙaramin bawul mai aiki da wuta da ke canza giya, ya kwance farantin ƙasa ya sa sabo. Kwana uku matsalar ta dawo. Da na koma sai ya ce ai giyabos ɗin ne ya gaji, in nemi wani. Har na fara tambayar inda zan samu, sai wani abokin aikina ya ce in kai wa mai wayarin ɗin da yake yi masa aiki tukuna. Garejin nan nake son in yi magana a kai.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Da sanyi take yi ko da zafi? Kan hanya mai gargada ta fi yi? An yi wani aiki a ɗakin inji kwanan baya? Nan na tuna an taɓa sauke min kik wata huɗu da suka wuce. Ya rubuta a takarda bai ce komai ba. Ya auna batir, bolt 12.5 inji a kashe, 14.1 inji na aiki, ya ce wannan ba shi da laifi, kuma yana farawa da shi ne don raunin wuta kan sa kwamfutar mota ta riƙa fitar da lambobin ƙarya. Ya zaro sandar man giya ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina: ja ne, babu ƙauri. Sannan ya jona na'urarsa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin na tsarin OBD-II da aka wajabta wa motocin Amurka tun ƙirar 1996. Lambar dai ita ce ta fito.

"Malam," in ji shi, "lambar nan ba ta ce solonoyid ya mutu ba. Cewa ta yi kwamfuta ta tura wuta ta layinsa, ba ta ga abin da take tsammani ba. Layin kuma ya haɗa da waya, da soket biyu, da solonoyid ɗin, da ita kwamfutar kanta. Da a ce maƙalewa ya yi, wata lambar za ka gani."

Ya zana min yadda abin yake a bayan kwali. A irin giyabos ɗina solonoyid biyu ne ke canza giya, kowanne ƙaramin bawul ne da wuta ke buɗewa ko rufewa don sarrafa hanyar mai. Giya ɗaya na farko ne kaɗai a kunne, giya biyu duka a kunne, giya uku na biyun ne kaɗai, giya huɗu duka a kashe. To in layin na farko ya yanke, giya ɗaya da biyu sun tafi ke nan, sai kwamfuta ta bar mota a giya uku don ta kai ka gida. Nauyin da nake ji a danja, ashe da giya uku nake tashi. Wata biyu ina fama, ba wanda ya taɓa gaya min haka.

Daga nan ya buɗe zanen wayarin motar a kwamfutarsa, ya zare soket ɗin da ke jikin giyabos ya ɗora mita. Om 13, om kuwa shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Littafin motar ya ce tsakanin 11 da 15, don haka solonoyid ɗin ƙalau yake. Ya ba shi wuta kai tsaye daga batir, muka ji ƙas ƙas daga ciki. Ya mayar da soket, ya shiga cikin mota ya cire na jikin kwamfuta ya sake aunawa daga can. Nan ma 13 da ɗan ɗoriya. Gaskiya a lokacin gabana ya faɗi, na ɗauka zai ce kwamfutar ce ta lalace, ita kuma na san ba abu ne mai sauƙin samu ba. Sai ya sa yaronsa ya riƙe mita, shi kuma ya dinga bin damin wayoyin da hannu yana girgizawa, taƙi bayan taƙi. Ya iso daidai bayan kik, yaron ya ce, "Oga, ta ɗauke!" Ya saki, lamba ta dawo. Ya sake taɓawa, ta sake ɗaukewa.

Da ya yanke baƙin tef ɗin da reza, na leƙa da fitilar wayata. Maƙalin roba da ke riƙe damin ba ya nan, an ɓalle shi lokacin aikin kik ba a mayar ba, sai wayoyin suka kwanta a kan gefen wani ƙarfe. Ɗaya daga ciki robarta ta cinye, tagullar ta yi kore, zare biyu ko uku kawai suka rage a haɗe. Da sanyi suna taɓa juna, in zafi da girgiza suka zo sai su rabu. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ƙara sabuwar waya mai kauri ɗaya, ya liƙe da dalma, ya sa robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, ya ɗaure damin nesa da ƙarfen. Ya kuma auna ko wayar na taɓa bodi, babu. Ya goge lambar, muka fita gwaji na kusan rabin awa, na'ura a cinyarsa yana nuna min ɗaya, biyu, uku, huɗu suna shiga kan lokaci.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai zuwa ya sani. An ce in zo ƙarfe tara, ba a taɓa motata ba sai kusan sha ɗaya, domin shi kaɗai ke yin bincike, yaran kwance-kwance kawai suke yi. Wurin zama babu, benci ɗaya ne a rana. Kiran waya kuma ba ya ɗauka in yana aiki, sai ka je da ƙafarka. Kuɗin bincike daban yake karɓa, ko ka yi gyara a wurinsa ko ba ka yi ba, kuma nawa ya fi kuɗin gyaran kansa. Wannan ni ban ga laifinsa ba, awa biyu ya yi yana bin waya, amma da ya faɗa tun farko da ya fi, maimakon sai da aka gama. Na kuma so a ce ya ba ni abin da ya auna a rubuce.

Zan ba su huɗu cikin biyar. Wanda giyarsa ke zamewa, ko man giyar ya yi baƙi yana ƙauri, aikin ciki ne, kuma da bakinsa ya ce ba ya buɗe giyabos, tura mutum wani wuri yake yi. Amma in fitila ta kama, giya ta maƙale wuri ɗaya, kashewa da kunnawa na sakinta, irin wurin nan ya dace a fara zuwa.

Kafin in tafi na tuna tsohon solonoyid ɗin da aka cire yana but cikin leda. Na ɗauko masa, ya ɗora mita: om 12.8, ya ba shi wuta ya yi ƙas. Ya goge shi ya miƙo min ya ce in ajiye, wata rana zai yi amfani. Yau sati bakwai ke nan, fitilar ba ta sake kamawa ba.