Corolla Verso ko Zafira: amsa ga mai iyali bakwai

Malam, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don kada in ba ka amsar gaggawa. Ka ce ku bakwai ne a gida: kai da uwargida, yara huɗu, sai Hajiya mahaifiyarka. Kana zaune a Ɗorayi, aikinka a Bompai, kuma duk sallah sai an je Haɗeja. Dillali ya nuna maka Opel Zafira da Toyota Corolla Verso. Kuɗinka zai sayi Zafira har ka samu canji, Verso kuwa sai ka kakkaɓe aljihu. Kana tambayar wacce za ka ɗauka.

Verso nake hawa, yau shekara biyar ke nan. Zafira kuma ta ƙanena ce, gida ɗaya muke, duk ranar da tawa ta kwana a gareji tasa nake ara. Saboda haka ba labarin an ce ka ce zan ba ka ba.

Abin da ba ka faɗa mana ba, shi ne ya fi komai muhimmanci: wace irin giya ce a jikin kowacce? Ka koma wurin dillalin ka leƙa da idonka. Verso ta 2004 zuwa 2009 mai injin 1.8 iri biyu ce, akwai mai giyar hannu, akwai wadda ake ce wa MMT. Zafira ta 2005 zuwa 2014 mai injin 1.8 ita ma haka take, giyar hannu ko Easytronic. Dillali zai ce maka “otomatik ce Alhaji, ko madam ma za ta iya tuƙawa.” To ba irin otomatik ɗin Camry ko Corolla ’yar Amurka ba ce. Giyar hannu ce zalla da kulocinta a ciki, sai dai an cire maka fedar kuloci, an sa wata na’ura da kwamfuta suna taka shi a madadinka. A titin Turai da mota ke miƙewa ba tsayawa, abin yana tafiya. A cunkoson Kabuga ko Ƙofar Famfo da yamma, inda za ka matsa taku biyu ka tsaya, adaidaita sahu ya shigo maka ta dama, wani ya shigo ta hagu, kulocin nan ba ya samun hutu. In ya cinye, ba canjawa kawai ake yi a tashi ba, sai an haɗa motar da kwamfuta an sake saita na’urar. Masu wannan aikin da gaske a Kano ba su da yawa, amma masu cewa sun iya sun fi a ƙirga.

Don haka ga hukuncina tun kafin mu yi nisa. In duk biyun masu giyar hannu ne, Verso. In Verson MMT ce, Zafirar kuma ta hannu, ka ɗauki Zafira ka riƙe canjinka, kada sunan Toyota ya rufe maka ido. In duk biyun irin waccan otomatik ɗin ne, ka yi wa dillali godiya ka ci gaba da nema.

Yanzu bari in faɗa maka dalilin da ya sa na fifita Verso in giya ta zo ɗaya. Injinta na 1.8, wanda lambarsa 1ZZ, shi ne a jikin Corolla ta 2003 zuwa 2008 ’yar Amurka, shi ne a Matrix, shi ne a Pontiac Vibe da ta cika titunan Kano. Ma’ana, yaron makanike ma da bai gama koyo ba ya sha kwance shi. Fulogi, kwal, famfon ruwa, matatar baƙin mai, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka faɗa, kafin ka gama gaisawa an miƙo maka, sabo da na Beljiyam, ka zaɓa. Kuma kaca ke juya tayimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita motsin bawul da fistin, ba bel ba, in kana canja baƙin mai a kan lokaci ba ka da wata ranar fargaba. Aibinsa guda da kowa ya sani: na farko-farkon, musamman waɗanda aka ƙera kafin 2005, sukan sha baƙin mai in sun tsufa. Ka mayar da zaro sandar awon mai al’ada, ni duk Juma’a da safe nake yi.

Sai dai kada in yaudare ka. Injin ne kaɗai ɗan gari, jikin motar baƙo ne. A Turkiyya aka haɗa Verso don kasuwar Turai, ba ta da yawa a nan kamar Corolla. Ranar da yaro ya fasa min fitilar baya da ƙwallo a ƙofar gida, sai da na yi kusan mako biyu ana nema, daga ƙarshe daga Legas aka aiko da ita. Gilashi, bamba, madubin gefe, duk haka labarin yake.

Zafira ta fi ƙarfi a takarda, doki 140 ne a injinta na 1.8, Verso 129. Kuma gaskiya a kan babban titi ta fi zama daram, in ka wuce Wudil ka saki ƙafa za ka ji nauyin motar Jamus a hannunka. Amma tana son mai kula. Bel ke juya tayimin ɗinta, kuma irin injin nan ne da in bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, bawul da fistin ke karo, gyaran ’yan dubbai ya koma na kwance inji. Tun da ba ka san yaushe Baturen da ya hau ta ya canja ba, ranar da ka saya ka canja bel da famfon ruwa gaba ɗaya, ka lissafa kuɗin cikin farashin mota. Wannan canjin da kake murnar zai rage maka, to ga inda rabinsa zai tafi.

Abu na biyu da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara tuƙa ta ƙanena: na duba gaban mota ina neman allurar da ke nuna zafin inji, babu. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta, fitila ce kawai za ta kama in abu ya riga ya ɓaci. Ka tuna watan Afrilu a Kano, rana ta haura digiri 40, esi a kunne, kana tsaye a danja. Mai Zafira dole ya riƙa buɗe bonet da safe yana duba tankin ruwa. In ya ga wani abu kamar kunun gyaɗa yana yawo a saman ruwan, robar na’urar sanyaya baƙin mai ce ta saki, ciwo ne sananne a wannan injin, kuma gyaransa da sauƙi in an kama da wuri. Kada kuma ka bari wani ya ce zai cire maka tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye wai don motar ta saba da zafin Najeriya. Wani makanike ya taɓa ba ƙanena wannan shawarar, Allah ya taimake shi bai bi ba. Kwamfutar motar da zafin injin take auna man da za ta zuba, in ka rikita mata lissafi a gidan mai za ka biya.

Makanikan Opel akwai su a Kano, tun zamanin Vectra da Astra. Amma naka ɗaya ne ko biyu, ka riƙe su, ba kamar Toyota ba da ko a Gujungu can Jigawa ta tsaya maka za a samu mai taɓawa.

Shan mai ba shi zai raba muku gardama ba. Duk biyun silinda huɗu ne, girmansu kusan ɗaya, bambancin da na gani tsakanin tawa da ta ƙanena bai kai bambancin ƙafar direba ba. Inda za ka ji a jikinka shi ne in ka biye wa masu cewa ka ƙara kuɗi ka sayi Toyota Sienna. Sienna ta 2004 zuwa 2010 silinda shida ce, 3.3 ko 3.5, tsawonta ya haura mita biyar, waɗannan kuwa ba su kai huɗu da rabi ba. Mota ce ta gaske, manya bakwai za su zauna su miƙe ƙafa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na san gidaje da Siennarsu ta koma motar biki da suna, sauran ranaku a lulluɓe take. Kai kullum za ka ratsa gari daga Ɗorayi zuwa Bompai. Ga kuma lungunan cikin gari, in za ka kai Hajiya gaisuwa Mandawari ko Yakasai, rabin mitan nan shi ne bambancin shiga da ajiyewa a bakin titi. Masu dizal kuma, a Verso da Zafira duka, ka bar su inda ka gan su.

Sai maganar kujera bakwai, wadda ita ce ta kawo ka. A nan mutane da yawa ke shan mamaki bayan sun biya kuɗi. Kujeru biyun baya na yara ne. Babba zai iya zama daga Ɗorayi zuwa masallacin idi, amma ka sa shi har Haɗeja, gwiwa a ƙirji, sai ya sauka yana ɗingishi. Kuma in ka ɗaga su, but ya tafi. A Zafira abin da ke ragewa lita 140 ne, a Verso bai ma kai 100 ba, ’yar jakar goyo da kular abinci ɗaya sun cika shi. Tafiyar sallah da mutum bakwai, da akwatin uwargida, da tsarabar dangi, ba makawa sai ka sa kariyar ɗora kaya a saman mota. A wannan fannin Zafira ta ci, ba musu. In ka kwantar da kujerun baya tana ba ka lita 645, ƙanena buhun masara uku yake ɗaukowa daga Dawanau ba ya ko waiwaye. Ni na taɓa gwada irin wannan lodin da tawa, ga fasinja a ciki, na bar ƙarfen salansa a kan wani tudun rage gudu a Kurna. Laifina ne, duk biyun cikinsu kusa da ƙasa yake, ba a yi su don lodi da ramukan damina ba.

Inda Verso ta rama shi ne layin tsakiya. Kujeru uku ne daban-daban, kowacce tana matsawa gaba ko baya ita kaɗai. Na Zafira benci ne guda, in za ka matsa shi sai dai gaba ɗaya. Ka ɗauka ƙaramin abu ne, sai ranar da Hajiya ta zauna ta gyara ƙafarta mai ciwo, yaro a baya ya ce an matse shi. A Verso sai ka matsa kujerar da ke gabansa, Hajiya ba ta ma sani ba. A Zafira kowa sai ya motsa. Ƙofofin duk biyun kuma masu buɗewa waje ne, ba masu zugewa irin na Sienna ba, don haka ka kunna makullin yara da ke gefen ƙofa tun ranar farko, kafin wani ya bankaɗa ta a gaban mai babur.

Ranar sayarwa ma ka sa ta a lissafi. Verso in ka kai ta bakin dillalai, sunan Toyota kaɗai zai jawo masu taya. Zafira yadda ka same ta da araha, haka za ka rabu da ita da araha, kuma sai ka yi haƙurin jiran wanda ya san ta.

Kafin ka biya, ka sa makanikenka, ba na dillali ba, ya duba ko an juya sitiyari. Duk motocin nan biyu an sayar da su da yawa a Ingila, inda sitiyari ke dama, a can ma Zafira tambarin Vauxhall take ɗauke da shi. Wadda aka juya, wayoyinta da birkinta an taɓa su, ni ba zan sa iyalina a ciki ba ko da rabin kuɗi. Ka ga takardun kwastan na asali da idonka, lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka ji ƙarar inji yana sanyi. Sannan ka roƙi dillali ya bar ka ka kai ta gida na rabin awa, ka ɗaga kujerun baya, ka zuba yaran duka, ka sa Hajiya ta shiga ta fita da kanta sau biyu, ka zagaya da su har Kabuga ka dawo.