Awa 20 a jikin kwali, awa 5 a hannu: abin da za ka duba kafin ka sayi sabuwar laftof

Wallahi babu abin takaici irin ka ciro sabuwar laftof dal a leda, an rubuta maka ɓaro-ɓaro wai batirinta na kai awa 18, ka caje ta ta cika maƙil, ka zauna aiki, kafin awa biyar ta fara kukan caji. Ni ma ya taɓa cin ni. Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne abokina ya sayi irin tawa, suna ɗaya kamfani ɗaya, amma tasa sai ta wuni ba ta nemi caja ba, har na fara zargin ko tsohon batir aka sa min, sai da muka baje takardun bayanansu muka ga ashe tasa batirinta ya fi girma kuma sikirin ɗinta na gama-gari ne, tawa kuwa ƙaramin batir ne aka ɗora masa sikirin mai shegen cin wuta.

Shi ya sa yanzu ba na ma kallon yawan awannin da ke jikin talla, lambar da nake fara nema ita ce Wh, wato girman tankin batirin. Lissafin mai sauƙi ne, batir mai 50Wh idan kwamfutar na shan wat 5 zai kai ka awa 10, idan kuma ka shiga taron bidiyo a Zoom ko Teams da kyamara a kunne ga shafuka ashirin a buɗe a Chrome ta koma shan wat 15, to awa uku da minti ashirin ne an gama. Batir ɗaya, rana ɗaya. Su kuma kamfanoni ba ƙarya suke yi kai tsaye ba, wayo ne, yawanci suna gwaji ne da kunna bidiyo a rage hasken sikirin sosai, shi kuma bidiyo akwai wani sashe na musamman a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ke sarrafa shi da 'yar wuta kaɗan. Duba ma, Microsoft da kansu lamba biyu suka bayar a kan Surface Laptop 7 mai inci 15, awa 22 a bidiyo, awa 15 a yawon intanet. Apple ma haka a MacBook Air mai M1, awa 18 da awa 15. Babbar lambar ce dai kullum ake sawa a talla.

Kuma kar sunan samfuri ya ruɗe ka. ThinkPad T14 Gen 3 misali akwai mai 39.3Wh akwai mai 52.5Wh, a waje ba ka gane bambanci. Mafi girman batiran kuwa duk kusan a 99Wh suke tsayawa saboda ƙa'idar jiragen sama ta 100Wh a kan batirin da fasinja ke shiga da shi.

To zaɓin nan. Idan abin da ya dame ka kenan, batir mai riƙon amana wanda yau da gobe duk ɗaya, gaskiya MacBook masu firosesar M ne a gaba tun da Apple suka fito da ta farko, M1, a 2020. Ba wai batirinsu ya fi girma ba ne, na Air mai M1 49.9Wh ne kacal, cin wutarsu ne kaɗan, kuma ka rufe ta da dare ka buɗe da safe kusan inda ka bar ta za ka same ta. Amma fa macOS ce, in manhajar aikinka ta Windows ce zalla to ka ƙyale ta, kuma RAM, wato wurin riƙe aikin da ake kan yi, da ma'adana duk a manne suke, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Masu firosesar Snapdragon X ta kamfanin Qualcomm da suka shigo a tsakiyar 2024 su ne amsar Windows, kuma batirinsu ya yi kyau babu laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne firosesar ARM ce, wato tsarinta daban da na Intel da AMD da Windows ta saba da su, manhajar da ba a gina dominta ba sai Windows ta riƙa yi mata tafinta ta hanyar wani abu da suke kira Prism, tafintar nan kuwa wuta take ci, wasu gem da direbobin tsofaffin firinta, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa na'ura da kwamfuta, ma sam ba sa tashi. Shi ya sa za ka ji mutum biyu na musu a kan kwamfuta ɗaya, wannan ya ce ta wuni wancan ya ce ƙarya ne, alhali duk gaskiya suke faɗa, manhajojinsu ne ba ɗaya ba. Rubuta manhajoji biyar da ba ka iya aiki sai da su, ka tabbatar kowacce na da na ARM, kafin ka sa kuɗinka.

A Intel da AMD ne ruɗanin ya fi yawa, don a nan harafi ɗaya na iya cinye maka rabin yini. Firosesocin Intel masu lambar da ke ƙarewa da U an yi su ne a kan wat 15, masu H daga 28 zuwa 45, masu HX kuwa 55 ne farkon magana. Mai sayarwa zai ce maka ai i7 ce, eh i7 ce amma wace? Core Ultra 200V da suka fito a Satumban 2024 su ne suka matso kusa da Apple a wajen batir kuma duk manhajojin Windows na tafiya a kansu ba tafinta, sai dai RAM ɗinsu a jikin firosesa yake, iyakarsa 32GB, ba ƙari. Ni da za a ce in zaɓa wa mai aikin ofis da karatu wanda dole sai Windows, nan zan nuna masa. AMD Ryzen ma suna ƙoƙari, musamman masu U.

Laftof ɗin gem kuwa mai katin sarrafa hoto na Nvidia, kar ma ka wahalar da kanka, an yi ta ne ta zauna a jikin soket.

Sikirin shi ne ɓarawon da mutane ba sa zargi. Sikirin OLED akwai kyau kam, baƙinsa baƙi ne ƙirin, amma kowane ɗigo shi ke kunna kansa, to in aikinka Word ne da Excel da shafuka masu farin bango, wuta yake zuƙa ba sassauci. Ƙara masa 4K da 120Hz, wato yawan ɗigo da saurin sabunta hoto, ka ga yadda awanni ke zubewa. Sikirin gama-gari na IPS mai 1920x1200 a 60Hz ba ya burge kowa a shago amma shi ne mai kai ka yamma.

Sai matsalar barci, wadda ita ce ta fi haukata ni. Yawancin sababbin kwamfutocin Windows na amfani da Modern Standby, ka rufe murfi amma ba ta yi barci na gaske ba, tana nan tana leƙen intanet, wani lokacin direba ɗaya ya hana ta kwanciya sai ka ciro ta daga jaka da zafi rau batir ya tafi. Wannan ba a rubuta shi a kwali, sai ka gwada.

Don haka kafin ka biya, tambayi kwana nawa ake ba ka na mayarwa, wannan ya fi min kowane alƙawarin talla. Kwana biyun farko kar ka yanke hukunci, lokacin Windows na ta sauke sabuntawa tana jera fayiloli, OneDrive na kwashe-kwashen fayiloli tsakaninta da intanet, ko Mac ma haka take yi da Spotlight, manhajarta ta neman fayiloli. A rana ta uku ka caje ta ta cika, ka yi aikinka na kullum da hasken da ka saba, ka riƙe agogo. Da dare ka rufe ta ka rubuta kashi nawa ne, da safe ka duba. A Windows buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka girman batirin na asali da wanda yake ɗauka yanzu, in sabuwa ce bai kamata tazarar ta yi yawa ba, powercfg /sleepstudy kuma zai tona maka abin da ke tashin ta cikin dare. In ta zubar da kashi ashirin ko talatin tana rufe, ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfutar, da direbobi ka sake gwadawa dare ɗaya, in ba ta canza ba maida musu kayansu tun kwanakin ba su ƙare ba.