Deutschlandticket: tikitin da ya fitar da ni daga ɗaki a Jamus

Jama'a yau dai bari in yi magana a kan tikitin nan na Deutschlandticket, don masu shirin zuwa karatu Jamus suna yawan tambayata wai ya cancanci kuɗinsa ko kuwa. Na fi shekara ina amfani da shi kusan kullum, tun da na zo Bonn yin digiri na biyu a watan Oktoba 2024. Eh Bonn ɗin nan dai da muke jin sunanta a rediyon DW.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Tikiti ɗaya ne na wata, ka shiga bas, taragon cikin gari, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen ƙasa na yanki masu alamar RE da RB a duk faɗin ƙasar, ba ruwanka da wane gari kake ko wace jiha. An fara shi ranar 1 ga Mayu 2023 a kan yuro 49, aka mai da shi 58 a Janairun 2025, yanzu kuma tun Janairun 2026 ya koma 63. Mu ɗalibai akwai namu na zangon karatu da ake bayarwa a kashi 60 cikin 100 na farashin, lokacin da na zo yuro 29.40 ne a wata, daga baya ya koma 34.80, kuma tare da kuɗin rajistar zango ake karɓa gaba ɗaya na wata shida. Sai dai ba kowace jami'a ce ta shiga tsarin ba, ka duba taka tukuna.

To amma ni ba lissafin kuɗin ne ya sa nake sonsa ba. Watanni biyun farko da na yi a nan wallahi ban ji daɗinsu ba, daga lacca sai laburare sai ɗaki, rana ta faɗi tun wajen huɗu da rabi a Disamba, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, ga kewar gida, mutum ya wuni bai yi magana da kowa ba sai mai kanti. Tikitin yana cikin wayata amma iyakarsa kai ni makaranta ya dawo da ni. Wata Asabar wani ɗan ajinmu Bajamushe ya ce in biyo su hawan dutse, na fara tunanin nawa zan kashe, ya ce ai ka riga ka biya, taso kawai. Muka hau tarago zuwa Königswinter muka taka da ƙafa har saman Drachenfels, dutse ne mai tsayin mita 321, ba wani babba ba ne amma da na isa sama na hango kogin Rhein shimfiɗe da jiragen dakon kaya suna jan jiki a kansa, sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ni kaina ban san ina ɗauke da shi ba.

Daga ranar na kamu. Jamusawa suna ce wa abin Wandern, wato doguwar tafiyar ƙafa a daji da tsaunuka, kuma ba wasa suke da shi ba, za ka ga dattijo ɗan shekara saba'in da sandunansa biyu ya wuce ka a hawa yana maka sallama. Akwai wata hanya sunanta Rheinsteig, kilomita 320 daga Bonn har Wiesbaden, an raba ta gida-gida, kuma abin da ya sa ta dace da tikitin nan shi ne kusan kowane yanki daga wata tasha yake farawa ya ƙare a wata. Ka sauka a nan da safe, ka yi tafiyar awa biyar ko shida, ka hau jirgi a can da yamma ka koma gida ba ka ƙara ko kwabo ba. Yankin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakanin Koblenz da Bingen wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002, tsofaffin ganuwoyi a kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ga dutsen Loreley inda kogin ya matse. A hanyar nan na sayi takalmin hawa na farko a rayuwata, a nan na fara koyon ɗaukar hoto da wata tsohuwar kyamara ta hannu, kuma Jamusancin da na kasa furtawa a aji a bakin waɗannan dattawan na same shi, don su ba sa juya maka zuwa Turanci, haƙuri za su yi har ka haɗa jimlarka. Sallah kuwa ƙaramar darduma ce a jaka da gorar ruwa, wuri mai tsabta ba ya wuya a daji.

Akwai ƙananan abubuwa da tikitin ya ƙunsa waɗanda mutane da yawa ba su sani ba. Jirgin nan mai lilo na Wuppertal da ke rataye a saman kogi tun 1901 yana ciki. A Hamburg jirgin ruwa lamba 62 daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder yana ciki, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi mai kauri don kewaya tashar ruwan, kai kuwa waya kawai za ka nuna. Daga Munik har Salzburg ta Ostiriya yana kai ka. Birnin Kolon kuma ai rabin awa ce daga Bonn, kana fitowa daga tasha babban cocin nan mai mita 157 yana gabanka.

Yanzu inda ya gaza, don ba zan ɓoye ba. Ba ya aiki a jirage masu gudu, ICE da IC da EC, ko kuskure ka yi ka shiga sai ka biya. Ke nan tafiya mai nisa sai ka ba ta wuni guda. Na je Hamburg da shi, kusan awa takwas da canjin jirgi huɗu, alhali mai gudu daga Kolon wajen awa huɗu ne. Matsalar canji ita ce jirgi ɗaya ya yi lattin minti goma shikenan na gaba ya tafi, akwai daren da na zauna awa guda a wata ƙaramar tasha babu ɗakin jira, yatsuna har sun daina ji. Ranakun Juma'a da Lahadi da yamma kuma cunkoso ne, tsayuwa za ka yi da jakarka tsakanin ƙafafu. Ba tikitin da za ka zauna ka yi karatun jarabawa a hanya ba ne a irin waɗannan lokutan, amma safiyar Talata ka samu kujerar taga, na sha gama babi guda kafin in sauka.

Sannan ku kula da caji dan Allah. Tikitin a waya yake ko a kati, da sunanka a jiki, ba a ara wa kowa, kuma dole ka riƙe shaidarka mai hoto. Wayata ta taɓa mutuwa saboda sanyi mai duba tikiti na zuwa, aka rubuta mini takardar tarar yuro 60, sai da na je ofis daga baya na nuna ina da tikiti aka rage ta zuwa ɗan abu kaɗan. Tun ranar fawa bank ba ya barin jakata. Wanda kuma zai sayi na gama-gari ba na ɗalibai ba, ya sani kowane wata kuɗin zai fita da kansa, in kana son tsayarwa sai ka sanar kafin 10 ga wata, in ba haka ba na wata mai zuwa ya hau kanka. Keke ma ba ya ciki kai tsaye, kowane yanki da dokarsa.

Ƙarin kuɗin yana damuna gaskiya, daga 49 zuwa 63 cikin ƙasa da shekara uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Duk da haka in an ce in ba shi maki, huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan na cire ne saboda daren tashar nan da cunkoson Lahadi. Saura mini yanki shida in kammala Rheinsteig, bayan jarabawar Fabrairu in Allah ya yarda zan ɗora daga garin Kaub.