Dajin Lekki: Inda Nake Zuwa Idan Surutu Ya Ishe Ni

Duk wanda Allah ya yi shi mai shiru-shiru, kuma aka ce a Legas abincinsa yake, ya kamata ya san Lekki Conservation Centre. Ni albasa nake sayarwa a Mile 12. Tun asuba bakina ba ya hutawa: ciniki da masu saye, lissafi da direbobin da suka kawo kaya daga Aliero, ga waya daga gida. Da yamma in koma Agege in tarar da majalisa, Asabar ɗaurin aure, Lahadi suna ko taron ƙungiya. Ina son mutanena, Allah shi ne shaida. Amma akwai lokacin da ko amsa gaisuwa sai ta yi mini nauyi, kaina ya ɗau zafi, in fara ba yarana amsa a gajarce. Wasu su ce miskilanci ne. Gajiya ce, irin wadda barci ba ya maganinta.

Wurin yana kan titin Lekki zuwa Epe, wajen ofishin kamfanin mai na Chevron. Gidauniyar NCF mai kare daji da namun dawa ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78, fadama da kurmi a tsakiyar gine-gine. Yawancin mutane gadar sama ta tafiya da ƙafa a saman itatuwa ce ke kawo su, mai tsawon mita 401, wadda kuɗinta daban yake da na shiga. Tana da kyau, sai dai tana lilo, masu tsoro na ihu, masu ɗaukar hoto na tsayar da na baya. Ba don ita nake kashe kuɗin mota ba.

Hanyar katakon da aka shimfiɗa a kan fadamar ita ce ke kai ni. Kana shiga cikin itatuwa ƙarar odar motoci sai ta ja baya. Babu wanda ya san ni, babu mai cewa "Alhaji, ya kasuwa?", babu wanda zan tsaya tambayar iyalinsa. Nakan kashe waya, in yi tafiya a hankali, in samu wuri in zauna da carbina ina kallon birai da tsuntsaye. Idan na koma gida, maiɗakina takan ce fuskata ta sake, ni kuma in zauna hira da yara da zuciya ɗaya.

A kula da birran, ba su da kunya. In suka ga leda a hannunka za su fizge. A tafi da ruwan sha da takalmi marar santsi, musamman da damina.

Daga Agege akwai nisa, ga cunkoso, don haka sammako dole ne. Talata ko Laraba da safe sun fi. Ƙarshen mako da hutun Sallah wurin cika yake yi, abin da ka gudo masa shi za ka tarar. Idan aboki ya ce zai raka ka, ka ba shi haƙuri, ka sa masa wata rana daban.