Ƴar mitar gwada wuta ta hana ni sayen batir biyu

Wata uku ke nan da na sayi ƴar mitar nan mai ruwan ɗorawa da ake samu a kowane shagon kayan wuta. Inbatar shagona ce ta sa. Da magariba ta yi, firij da ƙwayayen fitila huɗu kawai ke kanta, sai ta hau kuka ta ɗauke. Wanda ya haɗa mini solar ya zo, ko durƙusawa bai yi ba, ya ce batiran biyu sun mutu, in nemo sababbi. Kun dai san kuɗin batir yanzu. Kwana biyu barci ya ƙaurace mini.

Wani yaron maƙwabta mai karatu a kwalejin fasaha ne ya ce, "Yaya, mu gwada tukuna." Batirana masu volt 12 ne, an jera su ɗaya bayan ɗaya su ba da 24. Ya zana mini a bayan kwali: wuta hanya ɗaya take bi, ta fito daga wannan, ta ratsa wancan, ta shiga inbata, ta dawo gida. Duk inda hanyar ta shaƙe, kowa ya ji a jikinsa. Muka ɗora tsinkayen mitar, ja da baƙi, a kan batir na farko, volt 12.6. Na biyu ma 12.6. Lafiyarsu ƙalau! Da muka kunna firij muka auna a bakin inbata, sai lambar ta faɗo ƙasa da 22. Ashe gajeriyar wayar da ta haɗa batiran ce ke cinye sauran. Na taɓa ta, zafi rau. Noti ya sassauta, ƙarƙashinsa duk tsatsa kore-kore. Muka kashe komai, muka goge, muka ɗaure da sifana. Minti goma. Wallahi har hannuna rawa yake don murna, kuma tun ranar inbatar ba ta sake kuka ba.

Amma fa mitar ta ɓata mini rai. Ba ta kashe kanta. Ka manta ta a kunne, batirinta mai volt 9 ya zube, kuma idan ya yi sanyi sai ta fara ƙarya. Ran nan ta nuna mini 270 a soket maimakon wajen 230, na bi gida ina zare kaya cikin tashin hankali, alhali wutar ba ta da laifi. Wayar tsinken ja kuma ta tsage a sati na uku, tagulla a waje. Abin da za a soka a soket ne a yi masa wannan aikin?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ramin 10A, ɗaya daga cikin ramukan da ake soka wayar tsinke a jikin mitar. Ba shi da fis, sun rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe da sai ka ƙura ido. Wanda ya bar tsinke a nan ya soka a soket, wayoyin wutar nan biyu, layif da nutural, ya haɗa kai tsaye. Na liƙe ramin da salatif, na sayi tsinkaye masu kauri, mitar kuma tana cikin durowa a kulle saboda yara.