Ƙanina, ga bayanin kyamarar fim ɗin da ka tambaya

Ƙanina barka da war haka, da fatan kowa lafiya, ka gaida min su Mama da Yaya da yaran duka. Naga saƙonka akan wai kana son fara ɗaukar hoto da fim baƙi da fari kuma kana neman ƴar ƙaramar kyamara wadda bazata dame ka da nauyi ba, wallahi naji daɗin tambayar nan sosai don harkar nan na daɗe a cikinta anan Ingila kuma babu wanda ya taɓa tambayata a gida. To bari in zayyana maka abinda ke akwai anan, kaya da masu aikin, sai ka zaɓa da idonka a buɗe.

Irin wadda kake nufi sunanta renjifainda. Bambancinta da manyan nan da ƴan jarida ke ratayawa shine ita babu madubi a cikinta, kana leƙawa ne ta wata ƴar taga daban a gefe, kuma a tsakiyar tagar zakaga wani ɗan tabo mai ruwan ɗorawa inda abu ɗaya yake fitowa biyu, kamar fuskar mutum ta rabu, sai ka murza zoben lens ɗin a hankali har biyun su haɗe su koma ɗaya, to nan saiti ya zauna sai ka danna. Rashin madubin nan shi yasa take ƙarama, bata da ƙara, ɗan ƙis kawai zakaji, kuma hannu baya girgiza ta sosai ko haske yayi ƙasa. Amma fa tana da nata: bata ɗaukar abu na kusa sosai, yawancinsu ƙasa da santimita 80 ko 90 basa saituwa, kuma abinda ka gani a taga ba shine daidai abinda lens ya gani ba idan ka matso kusa, sai ka bar ɗan fili saman kan mutum. Sannan tunda ba ta lens kake leƙe ba, murfi na iya zama a rufe kana ta ɗauka baka sani ba, ka maida cire murfi ya zama abu na farko da hannunka zai yi.

Sabuwa fil a kwali kusan Leica ce kawai ta rage ana yi, ta Jamus, su da suka fito da M3 tun 1954 kuma suka dawo da M6 a 2022, kaya ne na gaske babu musu amma kuɗinta ba na mai farawa bane, ka cire ta a lissafi. Cosina ta Japan dake yin Voigtländer Bessa itama ta daina a 2015. Kenan maganarmu ta na hannu ce, ƴan Japan na shekarun 1970, kuma anan suna nan birjik.

Guda uku na riƙe na gwada su da kyau. Olympus XA ta 1979, wadda Yoshihisa Maitani ya zana, nauyinta giram 225 ne kacal, lens 35mm f/2.8, murfinta zamewa yake gefe ta shige aljihun riga, kai zaka zaɓi ƙofar haske (lambar f kenan, ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi) ita ta zaɓi gudun shota, wato tsawon lokacin da haske zai shiga, batirinta SR44 guda biyu wanda ake samu ko'ina. Illarta idan batir ya mutu ta mutu, idan kuma wayoyin cikinta suka lalace masu gyara da yawa basa karɓa, kuma tabon saitinta ƙarami ne yana dusashewa da tsufa. Sai Canonet QL17 GIII ta Canon, 1972, an sayar da sama da miliyan ɗaya, lens ɗinta 40mm f/1.7 yafi na sauran shan haske, da magariba ko cikin ɗaki ita ce gwana, saka fim kuma babu wahala, amma ta haura giram 600, zaka san ka rataya abu. Ta ukun ita ce Olympus 35 RC ta 1970, wajen giram 410, lens 42mm f/2.8, kuma gaskiya ita nake so maka. Dalilina ɗaya ne: ko babu batir tana aiki, shota ɗinta na sifirin ne, gudun yana kan wani ɗan faifai a sama daga 1/15 zuwa 1/500 na daƙiƙa, kaga duk ranar da batir ya gagara kai da idonka kun isa. Yashica Electro 35 zaka ganta da yawa a hotuna tana ƙyalli, lens ɗinta mai kyau ne amma nauyi gareta kuma komai nata batir, ban baka shawararta ba.

Maganar batir ɗin nan ka riƙe ta, Canonet da 35 RC duk an yi su ne don batirin mekuri PX625 mai bolt 1.35 wanda aka hana yi tuntuni saboda guba, idan ka saka na zamani mai 1.5 ma'aunin hasken sai ya riƙa ƙarya. Abinda mutane keyi anan shine su saka batirin na'urar taimakon ji mai lamba 675, shi bolt 1.4 ne, ya kusa daidai, sai dai da ka ɓare takardar bayansa ya fara mutuwa ko baka amfani dashi.

Yanzu inda ake saye, nan ne na fi son ka natsu. Hanya uku ce anan. Akwai shagunan kayan hoto na hannu masu bada garanti na wasu watanni, sun gwada shota sun canza soso sun duba saiti, sunfi tsada amma idan ta ƙi aiki ka mayar babu dogon zance. Akwai eBay, musamman ƴan kasuwar Japan, kayansu tsaf a hoto kuma suna rubuta maki kala kala, amma ka karanta ƙasan bayanin da kyau don can suke faɗin akwai hazo ko fumfuna a lens, ga kuɗin kwastan idan ta iso. Sai kuma shagunan kayan sadaka da kasuwar bayan mota ta ranar Lahadi inda mutane ke sayar da tsofaffin kayansu daga bayan motarsu, can arha ne amma sayen kifi a ruwa ne, mai sayarwar shima bai san ko tana aiki ba. Ni a ganina kyamarar da ta shekara 50 ba sunanta kake saya ba, hannun da ya gyara ta kake saya, 35 RC da aka yiwa sabis tafi Leica da ta kwana shekaru a akwati. Kuma masu gyaran nan sun ƙaranta ko anan, yawanci dattawa ne, zaka aika musu ta gidan waya ka jira watanni kafin layi yazo kanka, shi yasa nace gara a biya tun farko a sayi gyararriya.

Idan ta zo hannunka ka buɗe bayan ka shafa sosan dake bakin ƙofar, idan ya narke yana manne yatsa baƙiƙƙirin to haske zai shiga ya ƙona maka fim, canza shi aikin yamma ɗaya ne da tsinke da ɗan sipirit. Ka haska fitilar waya ta cikin lens ka duba ko akwai zare zare fari, fumfuna kenan. Ka saita ta akan abu mai nisa sosai kamar dogon ƙarfen sabis, idan ka murza har ƙarshe hotuna biyun su haɗe, in basu haɗe ba saitin ya goce. Ka buɗe gidan batir ka duba koren tsatsa.

Fim kuwa nan gidansa ne, Ilford kamfanin Ingila ne tun 1879, masana'antarsu na Mobberley a Cheshire, su ke yin HP5 Plus mai ISO 400 (ISO lambar saurin kama haske ce ta fim) da FP4 Plus mai 125, kuma su dai ke yin Kentmere wanda yafi sauƙin kuɗi. Kodak Tri-X 400 daga Rochester ta Amurka yake zuwa, baƙinsa yafi kauri, yafi tsada anan. Fomapan kuma na ƙasar Cek ne daga Hradec Králové, arha, hotonsa na da wani daɗi irin na da, amma fatarsa laushi gareta idan tana jiƙe, ƙaramin abu ke karce ta. Anan kowa HP5 zai ce maka saboda gari kullum a lumshe, kuma gaskiya fim ne mai haƙuri, ko ka ɗan kuskure haske zai baka hoto. Amma kai ka lura, kyamarorin nan gudunsu ya tsaya a 1/500, a rana tsaka mai ƙarfi fim ɗin 400 zai kaika f/16 kusan babu sauran wurin motsi, don haka na waje ka riƙe FP4 ko Kentmere 100, HP5 kuma na inuwa da cikin gida da yamma. Ƙa'idar da zata cece ka ranar da babu batir: rana tarwai, ƙofa f/16, gudu kusa da lambar fim ɗin, wato 1/125 ga FP4, gajimare ya rufe ka buɗe zuwa f/8, inuwa sosai f/5.6 ko f/4. Kuma idan kana ɗaukar baƙin mutum sanye da fararen kaya ko bayansa akwai haske, ma'aunin zai bi farin ya bar fuskar a duhu, ka ƙara buɗewa mataki ɗaya, wannan kam kar ka manta dashi don fuskokinmu ne zaka fi ɗauka. Ka tsaya akan fim ɗaya ko biyu har ka san halinsu, kar kabi masu canzawa kullum.

Wanki anan akwai masu yi, ka saka fim a ambulan ka aika, su wanke suyi sikanin su turo maka ta imel sannan negetif ya biyo baya. Abin mamaki mai kala yafi saurin fitowa don inji ke yinsa da tsarin C-41, baƙi da fari kuwa kowane fim da lokacinsa, da yawa sai sun tara suke yi kuma sunfi caji. Ilford XP2 Super shine mafita ga mai son baƙi da fari a injin kala. Akwai ma ɗakunan duhu na haya a manyan garuruwa inda kake biyan awa ka buga hotonka a takarda da hannunka, wallahi ranar da ka fara ganin fuska na fitowa a hankali cikin tire ƙarƙashin jar fitila bazaka so fita ba.

Sai dai duk wannan hidimar bazan iya saka maka ita a jaka ba, shi yasa nake so ka koyi wanki da kanka tun fim na farko, kuma baƙi da fari ya yarda da haka, ko ɗakin duhu baka buƙata. Jakar duhu mai hannu biyu, tankin Paterson, ma'aunin zafi, kofin awo, maganin wanki da fiksa, wato maganin dake zaunar da hoto kar haske ya ɓata shi, shikenan. A cikin jakar zaka naɗa fim a kan faifan dake shiga cikin tankin da lalube, nan ne kawai wuya, ka samu lalataccen fim ka yi ta gwadawa a haske har hannunka ya haddace, kuma faifan ya bushe ƙayau, ɗigon ruwa ko gumin hannu ya isa ya sa fim ya maƙale. Da ka rufe tanki sauran a fili ne. HP5 a maganin wanki na ID-11 ba'a sirka ba minti 7 da rabi ne a digiri 20, a Rodinal kuma, maganin da Agfa ta fitar tun 1891 kuma yake shekaru a kwalba bai lalace ba, mil 6 a cikin mil 300 na ruwa minti 11, kana juya tankin daƙiƙa 10 a kowane minti. Ka zubar, ka ɗauraye, fiksa minti 5, sannan wanki irin na Ilford mai tsimin ruwa: cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, sau 10 ka zubar, sau 20 ka zubar. Zafi shine abokin gabarka, ruwa in ya wuce digiri 20 maganin sauri yake, ka sanyaya da ƙanƙara kafin ka fara, kuma duk ruwan su zama zafinsu ɗaya. Fiksa da ta tsufa akwai azurfa a ciki, ka tara ta a jarka kar ka zuba inda dabbobi ke sha.

Abinda zan haɗo maka kenan: 35 RC daga shago mai garanti, batir 675, matatar lens ruwan ɗorawa don sama ta fito da gajimarenta, tanki da jaka, ID-11 na gari tunda yafi ruwa sauƙin tafiya, da FP4 da HP5. Wanda zai kawo zan gaya masa kar ya saka fim a babbar jaka, kuma a filin jirgi ya roƙi a duba da hannu don sababbin injinan CT suna lalata fim ko sau ɗaya ya wuce, Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗi akai. In ya iso ka saka a firji cikin leda, ranar da zaka ɗauka ka fito dashi ya huce awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe robar. Ka turo min amsa ko 35 RC ɗin ta maka ko XA kake so saboda aljihu, kafin ƙarshen wata nake son in saya.